Ca₃(PO₄)₂ da H₂SO₄: 2 za a sa a gaban asid ɗin ko 3?

Ɗalibar SS3:
Assalamu alaikum malamai. Don Allah a warware mini wannan. An ce a rubuta ikweshon na kalsiyam fosfet da asid ɗin salfurik, a daidaita shi. Wani littafi ya kawo:

Ca₃(PO₄)₂ + 2H₂SO₄ → Ca(H₂PO₄)₂ + 2CaSO₄

wani kuma ya kawo:

Ca₃(PO₄)₂ + 3H₂SO₄ → 2H₃PO₄ + 3CaSO₄

Na ƙirga atam ɗin kowanne, duka sun tashi daidai. To wanne ne na gaskiya? In ya fito a jarrabawa wanne zan rubuta?

Malam Kemistiri:
Wa alaikumus salam 'yata. Babu littafin da ya yi kuskure. Akwai ma na uku da ba su kawo miki ba:

Ca₃(PO₄)₂ + H₂SO₄ → 2CaHPO₄ + CaSO₄

Ki bar ƙirga atam tukuna, ki dubi haidurojin kaɗai. Ayon ɗin fosfet, PO₄³⁻, gurbi uku gare shi. In ya karɓi H⁺ ɗaya ya zama HPO₄²⁻, in ya karɓi biyu ya zama H₂PO₄⁻, in ya cike ukun ya zama H₃PO₄. A cikin Ca₃(PO₄)₂ fosfet biyu ne, kowane H₂SO₄ kuma H⁺ biyu yake bayarwa. Kenan asid ɗaya zai ba kowane fosfet H ɗaya, asid biyu su ba kowanne H biyu, asid uku su cika su. Daga nan 1 da 2 da 3 ɗin suka fito. Yawan asid ɗin da aka zuba shi ke yanke abin da zai fito a dama, abin da ya fito a dama kuma shi ke yanke lambobin.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Kowane salfet da ya shigo zai ɗauki kalsiyam ɗaya, don cajin SO₄²⁻ da na Ca²⁺ sun yi kai ɗaya. Saboda haka lambar da ke gaban CaSO₄ kullum ita ce lambar da ke gaban H₂SO₄. Kalsiyam ɗin da ya rage shi ke tafiya da fosfet. Da asid biyu, saura kalsiyam ɗaya, shi ya riƙe H₂PO₄⁻ biyu. Da asid uku babu saura, shi ya sa H₃PO₄ ya fito shi kaɗai.

A jarrabawa ki karanta tambayar da kyau. In an ambaci taki ko sufafosfet, mai 2H₂SO₄ ake nema, mu kira shi na 2. In an ce ana son samar da asid ɗin fosforik, ko an ce asid ɗin ya yi rara, mai 3H₂SO₄ ne, mu kira shi na 3. In ba a ce komai ba, ki rubuta na 3, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa wannan idan asid ya wadata ne.

Ɗan Jami'a:
Allah ya gafarta Malam, ni a ganina hanyar aljabara ta fi duk wannan tsaro, ba sai mutum ya tsaya tunanin caji ba. A sa haruffa:

aCa₃(PO₄)₂ + bH₂SO₄ → cCa(H₂PO₄)₂ + dCaSO₄

Ca: 3a = c + d
P: 2a = 2c
S: b = d
H: 2b = 4c

A ɗauki a = 1. Sai c = 1, d = 2, b = 2. An gama. Layin oksijin ba sai an taɓa shi ba, a ajiye shi don dubawa a ƙarshe: hagu 8 + 8 = 16, dama 8 + 8 = 16.

Malam Kemistiri:
Lissafinka daidai ne, amma dubi abin da ka yi kafin ka fara: kai ne ka rubuta Ca(H₂PO₄)₂ a dama. Aljabara ba ta zaɓa maka shi ba. Da H₃PO₄ ka rubuta da 3 za ta ba ka, ta kuma rantse daidai ne. Tambayar yarinyar nan ita ce wanne za a rubuta, wannan kuwa haruffa ba sa amsa ta.

Gwada ma ka sa su biyun a dama, Ca(H₂PO₄)₂ da H₃PO₄ tare, ka ga abin da zai faru. Haruffa biyar, sharuɗɗa masu zaman kansu uku, amsoshi ba iyaka. Ga ɗaya:

2Ca₃(PO₄)₂ + 5H₂SO₄ → Ca(H₂PO₄)₂ + 2H₃PO₄ + 5CaSO₄

Ya daidaita tsaf, amma ba wani sabon abu ba ne, ikweshon biyun nan na littattafanta ne aka tara. Duk lokacin da aljabara ta ƙi ba ka amsa ɗaya tak, to haɗuwa biyu ka cusa a layi ɗaya, sai ka raba su.

Ɗan Jami'a:
Na karɓi wannan. Amma dai ga dogon ikweshon mai abubuwa shida ko bakwai, aljabara ce ke fid da mutum.

Malam Kemistiri:
Wannan ba gardama. Bayan an san abin da zai fito.

Injiniyan Taki:
Bari in shigo ta ɓangaren masana'anta, don a can ne bambancin 2 da 3 yake zama kuɗi. Na 2 ɗin nan shi ne takin supa da manoma suka sani, wanda ake rubuta SSP a buhunsa. John Bennet Lawes ya yi rajistar hanyar yin sa a Ingila a 1842, kuma har yau tushen aikin bai canza ba: a niƙa dutsen fosfet, a zuba masa asid ɗin salfurik. A Kaduna ma an kafa masana'antar irin wannan takin tun shekarun 1970.

Ga nauyin mol: Ca₃(PO₄)₂ 310, H₂SO₄ 98, Ca(H₂PO₄)₂ 234, CaSO₄ 136. A ikweshon na 2, hagu 310 + 196 = 506, dama 234 + 272 = 506. A na 3, hagu 310 + 294 = 604, dama 196 + 408 = 604. Wannan ma hanya ce ta duba aikinki ƙanwata. In nauyin hagu da na dama ba su zo ɗaya ba, akwai lambar da ta kauce.

Kenan tan ɗaya na tsantsar kalsiyam fosfet yana cin kilo 632 na tsantsar asid in supa ake so, kilo 948 kuma in asid ɗin fosforik ake so. Amma ba tsantsar asid ake zubawa ba, ana sirka shi ya dawo wajen kashi 70 cikin 100, don haɗuwar tana buƙatar ruwa. Kilo 632 ɗin nan sai ya zama wajen kilo 900 na sirkakken.

In aka kuskure awon, ga abin da ke biyo baya. Asid ya yi yawa, sai wani ɓangare ya wuce zuwa H₃PO₄, takin ya yi danshi da yauƙi, ya ƙi bushewa, ya dunƙule, ya kuma ci buhu. Asid ya yi kaɗan, sai dutsen da bai ci asid ba ya koma ya haɗu da wanda ya riga ya ci:

Ca₃(PO₄)₂ + Ca(H₂PO₄)₂ → 4CaHPO₄

CaHPO₄ kuwa da ƙyar yake narkewa a ruwa. Dama duk wahalar da ake sha don a mayar da fosfet ɗin da ba ya narkewa ya zama mai narkewa ne, sai ga shi ya koma rabin hanya.

Malamin Gona:
Injiniya, akwai abin da ke rikita masu lissafi a nan. In aka bi ikweshon na 2, P₂O₅, wato ma'aunin fosfet da ake rubutawa a buhun taki, mai nauyin 142 cikin 506 zai ba da kashi 28 cikin 100. Amma buhun supa 16 zuwa 20 ake rubuta masa. Ina sauran ya tafi?

Injiniyan Taki:
Ba inda ya tafi Malam, ikweshon na littafi ne ya sauƙaƙa zancen. Dutsen da ake haƙowa, ko na Maroko, ko na Togo, ko irin wanda ke yankin Sakkwato da Tawa a Nijar, ba Ca₃(PO₄)₂ zalla ba ne. Yawancinsa ya fi kusa da Ca₅(PO₄)₃F, wato akwai ƙarin kalsiyam da fulorin a ciki. Ikweshon da ya fi kusa da abin da ke faruwa shi ne:

2Ca₅(PO₄)₃F + 7H₂SO₄ + 3H₂O → 3Ca(H₂PO₄)₂·H₂O + 7CaSO₄ + 2HF

Kada 7 ɗin ya ba kowa tsoro, hanyar Malam Kemistiri ce ke fito da shi. An ninka dutsen biyu don fosfet ya zama shida, ya rabu biyu-biyu. Fosfet shida kowanne na son H biyu, goma sha biyu kenan. Fulorin biyu kowanne na son H ɗaya, ya zama goma sha huɗu. A raba biyu, asid bakwai. Salfet bakwai sun ɗauki kalsiyam bakwai, cikin goma saura uku, ga su can gaban Ca(H₂PO₄)₂. Ruwa uku kuma na shiga jikin ƙwayar gishirin ne.

Da wannan ikweshon kaɗai kashi 28 ya sauko wajen 25. Sai a ƙara yashi da yumɓu da baƙin ƙarfe da ke cikin dutsen, da danshin da ya rage, da kabonet. Kabonet ɗin nan ma ɓarawon asid ne, kowane giram 100 na CaCO₃ yana cinye giram 98 na H₂SO₄ bai ba da fosfet ko ɗigo ba. Shi ya sa ake gwada kowane sabon lodin dutse kafin a yanke awon asid. Amfaninsa ɗaya, iskar CO₂ da yake fitarwa tana sa haɗin ya kumbura ya yi huhu-huhu, ya yi sauƙin farfasawa.

HF ɗin da ke fita kuma ba abin wasa ba ne. Yana cin yashin da ke cikin dutsen, 4HF + SiO₂ → SiF₄ + 2H₂O, kuma dole a wanke hayaƙin da ruwa kafin ya fita bututu. Don haka kada wani ya ji an ce supa daga dutse da asid ake yi, ya je ya samo ruwan batir ya gwada a bayan gida.

Malamin Gona:
Madalla. Ta fuskar gona kuma, CaSO₄ ɗin nan da ke zaune cikin supa ba shara ba ne. Shi ke ba da salfa wajen kashi 11 zuwa 12, da kalsiyam da gyaɗa ke buƙata lokacin da take cika ƙwaya. Shi ya sa ake son supa ga gyaɗa da wake da waken suya. Ɗan'uwansa TSP, wanda ake yi da asid ɗin fosforik a madadin salfurik:

Ca₃(PO₄)₂ + 4H₃PO₄ → 3Ca(H₂PO₄)₂

yana kai wa kashi 46 na P₂O₅, amma salfa kusan babu. Buhun supa mai kilo 50 da aka rubuta wa 18 yana da kilo 9 na P₂O₅, wanda ainihin fosforas ɗin cikinsa wajen kilo 3.9 ne, don ana ninkawa da 0.436.

Ɗalibar SS3:
Na gode ƙwarai. Amma 4 ɗin gaban H₃PO₄ ta ina ya fito? H₃PO₄ ai H uku gare shi, da na zaci lissafin zai tafi da uku-uku.

Malam Kemistiri:
Tambaya mai kyau. Ki dubi dama: duk fosfet ɗin sun tsaya a H₂PO₄⁻. Kenan kowane H₃PO₄ H ɗaya kawai ya saki, ya riƙe biyu. Fosfet biyun dutsen kuma kowanne na son biyu, huɗu kenan. Mai ba da ɗaya-ɗaya, sai an tara huɗu kafin a samu huɗu. Abin ƙirgawa shi ne H nawa asid ɗin ya saki a wannan haɗuwar, ba H nawa ke rubuce a jikinsa ba.

Ɗan Jami'a:
Duk abin dai ƙa'ida ɗaya ce: asid mai ƙarfi yana korar mara ƙarfi daga gishirinsa. Salfurik ya fi fosforik ƙarfi, ya kore shi. In an riƙe wannan, an riƙe babin gaba ɗaya.

Malama Ɗakin Gwaji:
A'a ɗana, wannan ƙa'idar tana da ramuka, kuma masu fitar da tambaya sun san inda ramukan suke. Busa iskar H₂S cikin ruwan CuSO₄ ka gani:

CuSO₄ + H₂S → CuS + H₂SO₄

H₂S asid ne mara ƙarfi sosai, amma ga shi ya fito da salfurik. Dalili, CuS baƙar laka ce da ba ta narkewa, tana fita daga ruwan tana kwantawa, haɗuwar kuma tana binta.

Ko a ikweshon ɗin da ake magana a kai ƙarfi kaɗai bai isa ba. H na farko na salfurik ne ke fita gaba ɗaya. Na biyun, wato na HSO₄⁻, lambar pKa ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin asid, wajen 2 ce, ta farkon H₃PO₄ kuma 2.15. Kusan kunnen doki ne. Abin da ke ja haɗuwar ta kai ƙarshe shi ne kalsiyam na kwashe salfet yana kwantar da shi a matsayin jifsam, wato CaSO₄ mai ruwa, wanda wajen giram 2 kacal ke narkewa a lita. Tace jifsam ɗin nan ake yi a samu asid ɗin fosforik.

Abin da ya fi dacewa mutum ya tambayi kansa kafin ya ɗora biro shi ne: me zai bar ruwan? Ko iska ta tashi, ko laka ta kwanta, ko ayon su haɗu su zama abin da ba ya rarrabuwa sosai kamar ruwa ko asid mara ƙarfi. In babu ɗaya cikin ukun nan, a irin wannan musayar ayon babu haɗuwa, komai kyan da ikweshon ya yi a takarda. Misali, a zuba sirkakken H₂SO₄ cikin ruwan gishirin miya. Kowa zai iya rubuta 2NaCl + H₂SO₄ → Na₂SO₄ + 2HCl ya daidaita, amma a cikin kofin ba abin da ya faru, ayon huɗu ne ke iyo kamar yadda aka zuba su.

Ɗan Jami'a:
Amma Malama, ai da gishiri da salfurik ake shirya iskar HCl a ɗakin gwaji.

Malama Ɗakin Gwaji:
Da busasshen gishiri da tsantsar asid, ba da ruwa-ruwa ba. Kuma ba ƙarfi ne ke aiki a nan ba, HCl ai ba mara ƙarfi ba ne. Tashi ne. HCl iska ce da ke tafasa tun a -85°C, salfurik kuwa sai ya haura 330°C. In babu ruwan da zai riƙe HCl sai ya tashi ya bar tulun, haɗuwar ta ci gaba.

Kuma ga 1 da 2 sun sake dawowa. A sanyi ko da ɗan ɗumi:

NaCl + H₂SO₄ → NaHSO₄ + HCl

H ɗaya ne kawai ya fita. Na biyun ba ya fita sai an kai zafi sama da 500°C, wanda tulun gilashi na makaranta ba ya ɗauka, sai tanderun masana'anta:

NaCl + NaHSO₄ → Na₂SO₄ + HCl

Saboda haka in tambaya ta ce shirya HCl a ɗakin gwaji, NaHSO₄ za a rubuta, ɗaya da ɗaya. Tun ƙarni na 17 Johann Glauber ya yi wannan haɗin, shi ya sa ake kiran sodiyam salfet mai ruwa da gishirin Glauber.

Kada kuma a ce tunda ya yi da kulorin zai yi da 'yan gidansu. Tsantsar salfurik na ƙwace wa buromin da ayodin elektiron:

2NaBr + 3H₂SO₄ → 2NaHSO₄ + Br₂ + SO₂ + 2H₂O
8NaI + 9H₂SO₄ → 8NaHSO₄ + 4I₂ + H₂S + 4H₂O

A na biyun salfa ya sauko daga +6 zuwa -2, elektiron takwas kenan, kowane I⁻ kuma ɗaya yake bayarwa, daga nan 8 ya fito. Asid takwas sun tafi yin NaHSO₄, ɗaya ya zama H₂S, tara kenan. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da tururi mai launin shunayya su ne shaida. Wanda ke son HBr ko HI sai ya yi amfani da asid ɗin fosforik, shi ba ya ƙwace elektiron haka.

Malam Kemistiri:
Allah ya saka wa Malama. Wannan ya wuce abin da yarinyar ta tambaya, amma ba asara. 'Yata, mu dawo kan wanda kusan tabbas za ki haɗu da shi a jarrabawar aiki da hannu, wato kabonet. Gwada mana wannan: kalsiyam kabonet da HCl.

Ɗalibar SS3:
CaCO₃ + HCl → CaCl + H₂O + CO₂

Na ga H bai daidaita ba, sai na yi tunanin in mayar da asid ɗin H₂Cl. Amma jikina ya ba ni ba haka ba ne.

Malam Kemistiri:
Jikinki ya faɗa miki gaskiya. Kurakurai biyu ne, kuma na farkon ne ya haifi na biyun. Babu wani abu CaCl. Kalsiyam +2 ne, kulorin -1, dole CaCl₂. Ƙananan lambobin ƙasa caji ne ke yanke su, da zarar an rubuta su daidai ba a sake taɓa su. Lambar gaba kaɗai ake juyawa. H₂Cl kuwa ba asid ɗin da ke cikin kwalba ba ne, sabon abu kika ƙirƙiro.

CaCO₃ + 2HCl → CaCl₂ + H₂O + CO₂

Da kika gyara CaCl₂, sai 2 ɗin ya zo da kansa, H ma ya daidaita ba tare da kin bi ta kansa ba. Galibi in ikweshon ya ƙi daidaituwa duk yadda aka juya shi, to ba lambobin gaba ne matsalar ba, akwai fomular da aka rubuta ba daidai ba.

Awo kuma: giram 10 na CaCO₃ mol 0.1 ne, yana son mol 0.2 na HCl, wato 100 cm³ na asid mai 2 mol/dm³. Iskar da za ta fito 2.24 dm³ ce a s.t.p., wato a zafi da matsin iska na ƙa'ida. Wanda ya manta 2 ɗin zai zuba rabin asid, giram 5 na dutsen ya rage a gindin tulu.

Malama Ɗakin Gwaji:
A ƙara da cewa ba a amfani da H₂SO₄ a kan tsakuwar marmara in CO₂ ake so. Ikweshon ɗin ya ma fi sauƙi, CaCO₃ + H₂SO₄ → CaSO₄ + H₂O + CO₂, ɗaya da ɗaya. Amma kumfar farko ce kawai za a gani, sai ta mutu. CaSO₄ na lulluɓe tsakuwar kamar fenti, asid ba ya ƙara kai wa ga abin da ke ciki. HCl ko HNO₃ ake zubawa, don gishirinsu na kalsiyam na narkewa.

Ɗan Jami'a:
To in haka ne, me ya hana wannan fentin tsayar da aikin supa? Shi ma ai CaSO₄ ne ke fita.

Injiniyan Taki:
Yana tsayar da shi mana, shi ya sa ake niƙa dutsen ya yi laushi kamar gari kafin ya ga asid, a kuma juya shi da ƙarfi a mintunan farko. Duk da haka ba a rana ɗaya ake gamawa ba. Salfurik ɗin yana ƙarewa da wuri, ya mayar da wani kaso na dutsen H₃PO₄ da CaSO₄, wato ikweshon na 3. Daga nan H₃PO₄ ɗin ne ke ci gaba da cin sauran dutsen a hankali, wato ikweshon na TSP. Ana tara haɗin a rumbu ya yi makonni yana nuna kafin a zuba a buhu. A ninka na 3 sau biyu, a tara da na TSP, a soke H₃PO₄ huɗun da ke hagu da dama, a raba da uku, sai ga na 2 ya fito. Kenan littattafan ƙanwarmu biyu ma matakai ne na aiki ɗaya.

Malam Kemistiri:
Wannan bayanin ya yi kyau Injiniya. A duba: 2 + 1 dutse uku, asid ɗin salfurik shida, dama Ca(H₂PO₄)₂ uku da CaSO₄ shida. Raba uku, 1, 2, 1, 2.

Ɗalibar SS3:
Na gwada, ya fito. Saura abu ɗaya. A taitireshan na Na₂CO₃ da HCl, me ya sa ake cewa indiketa, wato ruwan da ke canza launi, dole metil oranj ne, ba finoftalin ba? Yana da alaƙa da wannan?

Malama Ɗakin Gwaji:
Shi ne ma dai, a ƙaramin sikeli. Kabonet gurbi biyu gare shi:

Na₂CO₃ + HCl → NaHCO₃ + NaCl
NaHCO₃ + HCl → NaCl + H₂O + CO₂

Finoftalin yana rasa launinsa a wajen pH 8.3, daidai inda matakin farko ya ƙare. Metil oranj kuwa sai pH ya sauko wajen 4 yake juyawa daga rawaya zuwa ruwan lemo, lokacin an gama mataki na biyu. Ki ɗauki giram 5.3 na busasshen Na₂CO₃ cikin lita ɗaya, 0.05 mol/dm³ kenan. Ki ɗebi 25 cm³ da fifet, asid ɗinki 0.1 mol/dm³. Da finoftalin buret zai nuna 12.5 cm³, da metil oranj 25.0 cm³. In kika yi aiki da metil oranj, rabon mol 2 da 1 ne, asid 2. In kika sa 1 da 1 a lissafi, amsarki za ta ninka ko ta rabe biyu, ya danganta da wanda ake nema.

Ɗigo biyu ko uku na metil oranj ya isa, in ya yi yawa juyin launin ba ya fitowa sarai. A ɗauraye buret da asid ɗin, fifet da ruwan kabonet, amma filas da tataccen ruwa kawai. Wanda ya ɗauraye filas da kabonet ya ƙara mol ɗin da bai auna ba, karatunsa zai hau. Dab da ƙarshe a rage gudu, a riƙa kaɗa filas sosai don CO₂ ya fita, in ba haka ba launin zai juya da wuri sannan ya koma.

Malamin Gona:
Kanwa fa? Kullum ana ce mata fotash, amma kumfar da take yi in ta haɗu da tsamiya ta kabonet ce.

Malam Kemistiri:
Sunan ne kawai, potasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi da gabashin Nijar, yawancin abin da ke aiki a cikinta Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O ne, nauyin mol 226. Ƙirga gurbi: kabonet biyu, baikabonet ɗaya, uku kenan.

Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O + 3HCl → 3NaCl + 2CO₂ + 4H₂O

Sodiyam uku, kulorin uku, kabon biyu. H kuma ɗaya na baikabonet, huɗu na ruwa, uku na asid, takwas, ruwa huɗu kenan. Da tsamiya ma haka abin yake, sai dai asid ɗin tatarik da ke cikinta H biyu yake bayarwa, don haka rabon sai ya zama kanwa 2, asid 3.

Malama Ɗakin Gwaji:
Kuma aiki ne mai kyau ga 'yan aji, don indiketa biyun duka suna da abin faɗa. A auna giram 2.26, a narkar, a tace yashin, a cika zuwa 250 cm³. Da tsantsa ce, 25 cm³ zai ɗauki mol 0.001. Da HCl mai 0.1 mol/dm³, finoftalin zai juya a 10 cm³. A ɗiga metil oranj cikin filas ɗin a ci gaba, zai juya a 30 cm³ jimla. Ta kasuwa ba za ta kai haka ba saboda yashi da gishiri da salfet da ke cikinta, su kuwa ba sa cin asid. In karatun farko x ne, na jimla y, to kabonet ya ci 2x, baikabonet kuma y - 2x. A dake kanwar ta yi laushi a gauraya kafin a ɗebi abin aunawa, don dunƙule ɗaya ma gefensa da tsakiyarsa ba ɗaya ba ne.

Ɗalibar SS3:
Kenan in na samu 7.5 da 24.0, kabonet ya ci 15.0, baikabonet 9.0?

Malama Ɗakin Gwaji:
Haka ne. Kabonet mol 0.00075, baikabonet mol 0.0009 a cikin 25 cm³. Ki ninka goma don filas ɗin gaba ɗaya, sannan ki ninka na farko da 106, na biyu da 84. Za ki samu giram 0.795 da giram 0.756.